Kafin Ka Zuba Kifin Ado A Akwatin Gilashi

Sau da yawa mutum kan sayo akwatin gilashi da kifin ado a birnin Sakkwato, ya kawo gida Boɗinga ko Shagari, ya cika ruwa ya zuba kifi a rana ɗaya. Kafin mako biyu kifayen sun fara tasowa sama suna haki, sai mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Nan da nan a ce mai sayarwa ya yi algus. Galibi kuwa ruwan ne bai nuna ba.

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da sinadarin amoniya. Guba ne ko da kaɗan ne, kuma ido ba ya ganinsa. Ruwa na iya zama garau alhali kifi na jin jiki. Masu kawar da amoniya wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a soson matatar ruwa da tsakuwar ƙasan akwati. Wasu su mayar da amoniya naitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta waɗancan ba. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, sai sun yi mako 4 zuwa 6 suna hayayyafa.

Saboda haka ka kunna matata ka bar ta tana aiki dare da rana, kana jefa ɗan abincin kifi kullum, tun babu kifi a ciki. In ka san mai tsohon akwati lafiyayye, ka roƙi gutsuren soson matatarsa a jiƙe. Wannan kan rage jira sosai. Ranar zuba kifi ka fara da 3 ko 4, sauran su biyo baya sannu a hankali.

Ruwan famfo mai kulorin yana kashe kifi da ƙwayoyin nan duka, don haka a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin. Ruwan rijiya ko burtsatse da ke barin farin tabo a gilashi bai dami kifayen gofi da moli ba, sun ma fi son sa. Na madatsar Shagari kuwa ban ba ka shawara ba, domin yana iya zuwa da laka da cututtukan kifin daji. Haka 'ya'yan tarwaɗar da yara ke kamowa: suna girma za su haɗiye ƙananan kifayenka.

Babbar jarrabawarmu bazara ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali yawancin kifin ado sun fi jin daɗi tsakanin 24 da 28. Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, ga wutar lantarki ba tabbas. Ka nemi famfon iska mai batir ko na sola tun kafin ka sayi kifi, ka kuma ajiye akwati a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Kifin gwal kyakkyawa ne, amma ruwan sanyi yake so, ga yawan kashi. Ba na sabon shiga ba ne a ƙasar Sakkwato. Da hunturu kuma murfi ya zama dole saboda ƙura.

Kowane mako ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo. Cika abin da zafi ya shanye bai wadatar ba, don ruwa kaɗai ke tashi, dattin yana nan. Soson matata a cikin ruwan da ka kwashe za ka matse shi. Sabulu da omo kada su kusanci akwatin.

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. A ja wa yara kunne, ban da burodi da tuwo.

Maganin sauro na fesawa, musamman fiya-fiya, yana iya kashe kifi a dare ɗaya. In za a fesa, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, kada a buɗe sai iska ta ratsa ɗakin.