Fihirisar Sunaye: Yadda Ake Bin Sawun Kuskure a Cikin Firogiram

Gabatarwa

Firogiram jerin umarni ne da ɗan Adam yake rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi, cikin wani harshe na musamman kamar BASIC, ko FORTRAN, ko COBOL, ko Pascal, ko C. Wannan rubutu shi ake kira matanin firogiram. Kwamfuta ba ta gane shi kai tsaye, sai wani firogiram dabam da ake kira tafinta ya mayar mata da shi zuwa lambobin da take aiki da su.

Ɗalibin da ya soma koyon wannan fanni yakan ɗauka cewa rubuta firogiram shi ne babban aiki. Da tafiya ta yi tafiya sai ya gane cewa karanta shi ya fi cin lokaci, musamman idan wani ne ya rubuta, ko kuwa shi ne ya rubuta da kansa amma an kwana biyu. Firogiram mai layi goma ana iya riƙe shi a ka. Mai layi dubu goma kuwa gari guda ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wannan darasi zai yi bayanin kayan aiki biyu da suke yi wa mai karanta firogiram jagora, wato jerin matani da fihirisar sunaye.

Jerin matani

Jerin matani kwafi ne na firogiram wanda aka tsara domin idon mutum. Kowane layi yana da lambarsa a hagu, an raba rubutun shafi-shafi, kuma a saman kowane shafi akwai sunan fayil da ranar da aka buga shi da lambar shafin.

Asalin wannan tsari yana komawa zamanin katuna masu huji. A shekarun 1960 mai rubuta firogiram yakan huda umarninsa a jikin katuna, layi ɗaya a kan kati ɗaya mai gurbin harafi 80, ya miƙa su ga masu kula da na'ura, ya koma ya jira awoyi, wani lokaci har kwana. Abin da za a dawo masa da shi shi ne doguwar takarda mai faɗi, wadda take ɗaukar harafi 132 a layi. A kanta ne zai ga matanin da lambobinsa, da ƙorafin da tafinta ya yi, sannan daga ƙarshe, idan ya nema, fihirisar sunaye. Tun da yake kowane kuskure yana nufin sake jira, mutanen wancan zamani sun ƙware wajen karanta wannan takarda da fensir a hannu.

Amfanin lambar layi shi ne ta ba kowane umarni adireshi. Idan tafinta ya ce akwai matsala a layi na 70, ko malami ya ce wa aji a duba layi na 90, kowa ya san inda ake nufi. Ranar da take saman shafi kuwa tana tsare mutum daga gyara tsohon kwafi alhali matanin da yake cikin na'ura ya riga ya canja.

Fihirisar sunaye

A ƙarshen littattafan ilimi akan sami fihirisa, inda aka jera kalmomi bisa tsarin abacada, a gaban kowace kalma aka rubuta shafukan da ta fito. Fihirisar firogiram haka take, sai dai sunaye take jerawa, kuma lambar layi take bayarwa maimakon lambar shafi.

Waɗanne sunaye ke nan? Duk ƙimar da firogiram yake aiki da ita, yana ajiye ta a wani gurbi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana iya kwatanta gurbin da rumbu wanda aka rubuta wa suna a jiki. Abu biyu ake yi da rumbu: ko a zuba, ko a duba abin da yake ciki a yi aiki da shi. Kyakkyawar fihirisa tana bambanta waɗannan biyu. Tafintan COBOL na kamfanin IBM, alal misali, yana sa harafin M a gaban lambar duk layin da aka canja abin da yake cikin rumbu. A wannan darasi za a yi amfani da tauraro domin nuna layin da aka zuba.

Misali

Ga wani ɗan firogiram cikin harshen BASIC. An rubuta shi ne domin ya haɗa makin gwajin aji, wanda yake bisa 30, da makin jarrabawa, wanda yake bisa 70, ya ƙirga waɗanda suka sami 40 ko fiye, sannan ya fitar da matsakaicin makin aji.

```
10  REM MAKIN KARSHEN ZANGO
20  LET JIMLA = 0
30  LET NASARA = 0
40  READ ADADI
50  FOR K = 1 TO ADADI
60  READ GWAJI, JARRABAWA
70  LET MAKI = GWAJ1 + JARRABAWA
80  LET JIMLA = JIMLA + MAKI
90  IF MAKI >= 40 THEN NASARA = NASARA + 1
100 NEXT K
110 PRINT NASARA, JIMLA / ADADI
120 DATA 4
130 DATA 20, 45, 18, 30, 25, 52, 12, 21
140 END
```

Idan aka yi lissafin da hannu, makin ɗaliban huɗu shi ne 65 da 48 da 77 da 33. Uku sun ci, matsakaicin maki kuma 55.75 ne. Amma idan aka ba kwamfuta wannan firogiram, sai ta ce biyu ne suka ci, matsakaici kuma 37. Ba za ta yi wani ƙorafi ba, kuma amsar ba ta yi kama da shirme ba, domin akan sami ajin da matsakaicinsa 37 ne. Ɗalibi na biyu, wanda ya sami 48, an kayar da shi ba da hakkinsa ba, kuma babu wanda zai sani in ba an bincika ba.

Ga fihirisar wannan firogiram:

```
ADADI       40*  50   110
GWAJ1       70
GWAJI       60*
JARRABAWA   60*  70
JIMLA       20*  80*  80   110
K           50*  100*
MAKI        70*  80   90
NASARA      30*  90*  90   110
```

Abin da ya ɓuya a cikin matani ya fito fili a nan. An yi zaton rumbuna bakwai ne, sai ga takwas. GWAJI an zuba masa a layi na 60, amma babu inda aka duba shi. GWAJ1 an duba shi a layi na 70, amma babu inda aka zuba masa. Wanda ya buga matanin ya danna lamba 1 a wurin harafin I, kuma a kan takarda su biyun kusan kamarsu ɗaya. Harshen BASIC irin na dā, idan ya gamu da sunan da bai taɓa gani ba, sai ya buɗe masa sabon rumbu ya ɗauka sifiri ne a ciki. Saboda haka makin gwajin kowane ɗalibi ya koma sifiri. Da yake fihirisa tana jera sunaye bi da bi, sunayen biyu sun faɗo kusa da juna, ido ba zai tsallake su ba. Haka za ta kama wanda ya rubuta JIMLA a wani wuri da JIMILA a wani, ko JARRABAWA da JARABAWA.

Tambayoyi huɗu

Duk wanda ya riƙi fihirisa, ya kamata ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kowanne tambayoyi huɗu.

Ta farko: sau nawa sunan ya fito? Sunan da ya fito sau ɗaya tak abin tuhuma ne, domin rumbun da ake amfani da shi dole a zuba masa kuma a duba shi.

Ta biyu: an zuba kafin a duba? JIMLA yana da tauraro a layi na 20, kafin a soma tara masa maki a layi na 80. Da babu layi na 20, a harshe irin C sai a tarar da duk tarkacen da aka bari a wannan gurbi na ƙwaƙwalwa ya shiga cikin lissafi.

Ta uku: an duba abin da aka zuba? Idan amsar a'a ce, ko dai layin ba shi da amfani, ko kuwa an manta wani abu. A nan akwai togaciya: K ba a dube shi a fili ba, amma shi maƙirgi ne, umarnin NEXT ne yake ƙara masa ɗaya yana gwada shi da ADADI. Fihirisa tana nuna wurin da za a duba, hukunci kuwa na mai karatu ne.

Ta huɗu: a wurare nawa ake canja shi? Sunan da yake da taurari goma warwatse cikin shafuka da yawa, shi ne ya fi saurin jawo matsala, kuma kafin a taɓa shi sai an ziyarci kowane layi da aka ambata.

Yadda ake haɗa fihirisa

Firogiram ɗin da yake haɗa fihirisa ba shi da wuyar ganewa. Yana karanta matani harafi bayan harafi, yana yanka shi kalma-kalma, yana kuma ƙirga layuka. Yana tsallake kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa, kamar LET da FOR da PRINT, da bayanan da suka biyo REM, da duk abin da yake tsakanin alamun zance. Abin da ya rage sunaye ne. Idan sunan sabo ne sai ya buɗe masa gurbi, idan kuwa ya taɓa ganinsa sai ya ƙara lambar layin a gabansa. Da ya kai ƙarshe sai ya buga su bisa tsarin abacada.

Saboda dacewarsa da koyarwa, manyan malaman fannin sun sa shi cikin littattafansu. Niklaus Wirth, ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya kawo cikakken misalinsa a littafinsa na 1976, inda ya nuna yadda ake ajiye sunayen cikin tsari mai rassa biyu domin a same su da sauri. Brian Kernighan da Dennis Ritchie kuma sun ba da shi a matsayin aikin gwaji cikin littafinsu na harshen C, wanda ya fara fitowa a 1978. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya tsara cewa duk firogiram da aka rubuta da tsarinsa na WEB zai fito da fihirisa a ƙarshe, an ja layi a ƙarƙashin lambar sashen da aka gabatar da kowane suna.

Kayan aikin da ake da su

Mai aiki da Unix ko Linux yana da waɗannan kayan a hannunsa. Umarnin `cat -n` yana nuna fayil da lambar kowane layi. Umarnin `pr` yana raba shi shafi-shafi, layi 66 a kowane shafi, da kanu mai ɗauke da rana da sunan fayil da lambar shafi. Umarnin `grep -n -w JIMLA maki.bas` yana fito da duk layin da kalmar JIMLA ta fito cikin fayil mai suna maki.bas, wato fihirisar suna guda ke nan. Sai a lura cewa lambar da waɗannan umarni suke bayarwa matsayin layi ne cikin fayil, 1, 2, 3, ba lambobin BASIC na 10, 20, 30 ba.

Ken Arnold ya rubuta `ctags` a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1970. Aikinsa shi ne tattara wuraren da aka gabatar da sunaye cikin fayil guda, yadda mai gyaran matani zai ɗora alama a kan suna, ya danna maɓalli, ya tsinci kansa a inda aka gabatar da shi. A ɗakunan bincike na Bell kuma Joe Steffen ya samar da `cscope`, wanda yake amsa tambaya irin wannan: waɗanne sassa ne suke kiran wannan sashe? A yau wannan aiki ya shige cikin manhajojin rubuta firogiram. A Visual Studio Code, maɓallin F12 yana kai mutum inda aka gabatar da suna, Shift da F12 kuma suna jera duk inda aka ambace shi. Zuciyar Linux ta haura layi miliyan 30, kuma masu nazarinta da fihirisa suke yawo a cikinta.

Ranar da duniya ta fi jin amfanin wannan dabara ita ce gabanin shekarar 2000. Tsofaffin firogiram na bankuna da ma'aikatu, da yawansu cikin COBOL, suna ajiye shekara da lamba biyu kawai, wato 99 a maimakon 1999. Idan aka shiga 2000 sai ta zama 00, wanda aka haifa a 1960 kuma lissafi ya ba da shekarunsa 60 ƙasa da sifiri. Kafin a gyara, sai da aka nemo kowane rumbu mai ɗauke da kwanan wata, da kowane layi da ya taɓa shi, da kowane rumbun da aka juye masa abin da yake ciki. Wannan aikin fihirisa ne tsantsa, an yi shi a kan miliyoyin layuka.

Iyakarta

Fihirisa sunaye ta sani, ba ta san nufin marubuci ba. Da a layi na 90 an rubuta 50 a maimakon 40, ba za ta ce komai ba. Haka kuma rumbu ɗaya yana iya amsa suna biyu, kamar yadda umarnin EQUIVALENCE na FORTRAN da REDEFINES na COBOL suke ba da dama, sai a canja shi ta wannan suna alhali mai bincike yana bin wancan. Suna ɗaya kuma yana iya zama na rumbuna dabam-dabam a sassa dabam-dabam. Sannan duk lokacin da aka gyara matani, tilas a sake haɗa fihirisa, domin lambobin sun gusa.

Rigakafi ya fi magani. Pascal da C suna tilasta wa marubuci ya gabatar da kowane suna kafin ya yi aiki da shi, don haka tafintansu zai ƙi GWAJ1 tun daga ƙofa. Fortran 90 ya tanadi umarnin IMPLICIT NONE domin haka, Visual Basic kuma yana da Option Explicit.

Aikin aji

Wannan darasi ba ya buƙatar wutar lantarki. Malami ya rubuta firogiram mai layi ashirin a allo, ya ɓoye kuskure biyu a ciki: suna guda da aka sauya wa harafi, da rumbu guda da aka duba kafin a zuba masa. Ɗalibai su ja layuka a littafinsu, su haɗa fihirisa da hannu, su sa tauraro inda ya dace, su bi tambayoyin nan huɗu. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta nasa firogiram da nasa ɓoyayyen kuskure, ya musanya da na kusa da shi. Waɗanda suka yi nisa kuwa su gwada rubuta firogiram ɗin da zai karanta matanin BASIC ya fitar da fihirisarsa, sannan su ba shi matanin kansa ya karanta.