Yadda Ake Tsara Rajistocin ADS1298

Ka sani, ya kai ɗalibin wannan fanni, cif ɗin nan ADS1298 na kamfanin Texas Instruments, wanda aka ƙera domin ya karɓi raunanan siginonin bugun zuciya ta kafofi takwas, ya ƙarfafa su, sa'an nan ya juya kowanne zuwa lamba mai bit 24, ba ya aiki sai bisa abin da ke cikin rajistocinsa. Kuma rubutu a cikinsu yana da tartibi, wanda in aka saɓa masa aikin duka ya ɓaci, ko da lambobin da aka aika sahihai ne.

Bayan ka ba shi wuta, wutar ta daidaita, sai ka saita SPI ɗinka a kan CPOL 0 da CPHA 1, ka aika umarnin RESET, wato 0x06, ka dakata muddar bugun agogo 18. Daga nan sharaɗi mafi girma ya zo, wanda gafala daga gare shi ta hana mutane da yawa barci: cif ɗin yana farkawa ne cikin halin zubo bayanai ba yankewa, kuma muddin yana cikin wannan hali ba za ka sami biyan bukata a rajista ba, saboda haka wajibi ne ka fara aika SDATAC, wato 0x11. Sa'an nan ka karanta rajistar ID da ke adireshi 0x00. In ta amsa da 0x92, to, hujja ta tabbata cewa kuna jin juna; in ba haka ba, kada ka ƙara taki ɗaya sai ka binciki wayoyinka.

Ƙa'idar rubutu kuwa ita ce ka tara 0x40 da adireshin rajista ka aika, ka bi shi da adadin rajistocin da kake nufi bayan ka debe ɗaya, sa'an nan abin da za a rubuta, alhali kana barin ratar bugun agogo huɗu ga kowane bayit, kimanin mikrosakan biyu ke nan a agogon cikinsa mai megahaz 2.048. Ka fara da CONFIG3, ka sa 0xC0 domin ka tada ma'aunin ciki na bolt 2.4, ka yi haƙuri har ya natsu. A CONFIG1 ka sa 0x86, awo 500 ke nan a kowace daƙiƙa.

Rajistocin kafofi suna jere daga 0x05 zuwa 0x0C, kuma a ra'ayina kuskure ne babba mutum ya yi gaggawar jona su da jikin ɗan Adam tun bai jarraba su ba. Ka fara sa 0x01 a dukkansu, wanda ke haɗe bakin kowace kafa da kanta, domin ka ga iyakar hayaniyar allonka. Bayan haka ka sa 0x10 a CONFIG2 da 0x05 a kafofin, siginar gwaji ta ciki ta bayyana iri ɗaya a duka takwas. Kafar da ba ka bukata ka kashe ta da 0x81. Duk abin da ka rubuta kuma ka sake karanto shi da 0x20 da adireshinsa, ka gwama, gama aikawa dabam, karɓuwa dabam.

In duk wannan ya inganta, sai ka mai da kafofin da kake bukata 0x00, wato ninki shida bisa sigina ta haƙiƙa, ka aika START, 0x08, da RDATAC, 0x10. Duk sa'ad da ƙafar DRDY ta sauka ka kwashi bayit 27, ukun farko na bayanin hali, sauran kuwa uku-uku ga kowace kafa.