Ƙaiƙayin 'Ya'yan Kyanwa da Lafiyar Yaran Gida

A gidajenmu na zango da wuya a rasa kyanwa, don ita ke tsare mana ɗaki daga ɓera. Idan ta haihu kuma, yara ne ke wuni da 'ya'yanta a hannu. Shi ya sa ɗan kyanwa mai yawan susa ya shafi kowa a gidan, kuma ba a ba shi magani sai an san sanadin ƙaiƙayin.

Sanadi na farko shi ne ƙuma. A taje gashinsa a kan farar takarda mai ɗan laima. Idan baƙaƙen ɗigo sun zubo suka rine ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha. Ƙuma da yawa tana iya jawo wa ɗan kyanwa ƙarancin jini har ya mutu. Alamarsa dasashi ya yi fari. Wanda bai kai mako 8 ba, a bi shi da mataji mai ƙananan haƙora kullum, ana tsoma abin da aka kamo cikin ruwan sabulu. Daga mako 8 akwai maganin ɗigawa a ƙeya, irin su fipronil, wanda aka yi musamman don kyanwa. A yi wa uwar ma, a wanke tsummokaran kwanciyarsu da ruwan zafi, saboda ƙwan ƙuma a nan yake zuba.

Na biyu, ƙananan ƙwarin kunne. Za a ga yana kaɗa kai, kunnen cike da baƙin datti kamar garin gawayi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kada a tura tsinke ko auduga.

Na uku, wanda ya fi damun mu, makero ne. Gashi yana zubewa a zagaye kamar kwabo, galibi a fuska, kunne da ƙafa, fatar wurin tana ɓarewa. Makero yana tsallakawa zuwa mutum, musamman yara. Wata kyanwar ma tana ɗauke da shi ba tare da wata alama ba.

Idan ya fito wa yaro a jiki, a shafa clotrimazole sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4, kada a daina don an ga ya fara dushewa. Idan a fatar kai ne, man shafawa ba ya isa saiwar gashi. A kai shi asibiti, inda akan ba da maganin sha kamar griseofulvin na mako 6 zuwa 8. A guji man nan mai haɗin magani uku, wanda ke da betamethasone a ciki: yana kwantar da ƙaiƙayi, amma makeron ƙara faɗi yake yi. Kada yara su haɗa hula, mataji ko tawul, a gida ko a makaranta, kuma a sanar da mai aski ya tsabtace injinsa. Ita ma kyanwar a kai ta ofishin likitan dabbobi, in ba haka ba yaron zai warke ya sake kamuwa.

Akwai abubuwa biyar da ba a kusanta su da kyanwa. Maganin ƙumar kare mai permethrin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, yana iya kashe ta. Dettol guba ne a gare ta, don tana lasar jikinta. Haka baƙin man mota da kananzir, suna ƙona fata ba su warkar da komai.

A keɓe ɗan kyanwa mai ciwo a wuri mai sauƙin wankewa, da abinci da ruwa, wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Kada a jefar da shi a bola. Dabbar da muka ajiye amana ce, kuma wannan ciwo yana warkewa. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu.