Koyar da Sikeli da 'Yar Tankar Yaƙi

'Yan'uwana masu koyon malanta, yara da yawa sukan faɗi jarrabawa domin ba su gane sikelin taswira ba. Ga dabarar da nake bi.

Nakan kawo 'yar tankar roba ta kamfanin Airfix, wadda ake harhaɗawa da gam. Kwaikwayon Sherman ce, ƙirar Amurka, wadda sojan Ingila suka yi yaƙi da ita a El Alamein, ƙasar Masar, cikin 1942. A jikin kwalin an rubuta 1:76. Yara su auna ta, su sami inci 3, su ninka sau 76, ya zama inci 228, watau ƙafa 19. Tsawon tankar gaske ke nan.

Sai mu fita fili, su auna ƙafa 19 da igiya, su gani da idonsu. Sa'an nan in buɗe musu taswira.