Darasi Daga Wasan Karta: Attajiri da Matalauci

Wannan wasa daga Japan ya fito, sunansa Daifugo, kuma ba kuɗi a ciki. Mu zauna mutum huɗu, mu rarraba karta 52 duka. Lamba 3 ce ƙarama, 2 ce babba. Kowa ya ajiye wadda ta fi ta ƙasa, in babu a wuce shi. Wanda ya fara ƙarar da nasa shi ne Attajiri, na ƙarshe Matalauci.

A zagaye na gaba, Matalauci zai ba Attajiri manyan kartarsa biyu, ya karɓi biyun da Attajiri ba ya so.

Mu tattauna: Me ke hana Matalauci tashi? A ƙauyenmu, wa ke sayar da hatsi da araha a kaka, ya sayo da tsada da damina?