Sinadarin Garkuwa na Bincike da Nazarin Enzayim IMPA1

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta duba yadda ake amfani da sinadarin garkuwa, wato antibodi, wajen gano enzayim IMPA1 a ɗakin gwaji, da sharuɗɗan da ake cikawa kafin a amince da sakamakonsa.

2.0 Aikin Enzayim IMPA1

A shekarar 1983 Michael Berridge da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin IP3, wato inositol mai ɗauke da fosfet uku, shi ne ɗan aiken da ke sakin kalsiyam daga ma'ajiyarsa a cikin ƙwayar halitta. Idan ya isar da saƙo, sai a riƙa cire masa fosfet ɗaya bayan ɗaya. IMPA1 ne ke cire na ƙarshe, ya saki inositol domin a sake amfani da shi. Enzayim ɗin yana da amino asid 277, nauyinsa ya kusa kilodalton 30, kuma ba ya aiki sai da magneziyam.

Muhimmancinsa ya fito fili ne ta dalilin litiyam, maganin da John Cade ya gwada a Ostireliya a 1949 kan masu taɓin hankali na matsanancin zumuɗi. Litiyam yana daƙile IMPA1, shi ya sa Berridge ya kawo ra'in cewa ƙarancin inositol a ƙwaƙwalwa ne sirrin tasirin maganin. Har yau masana suna muhawara a kan wannan ra'i.

3.0 Antibodi da Tantance Shi

Ana samar da antibodin ta hanyar yi wa zomo ko ɓera allurar wani yanki na furotin ɗin, sai garkuwar jikin dabbar ta ƙera sinadarin da ke manne masa. Na zomo galibi gauraye ne, yana kama wurare da dama. Iri guda tak kuwa ana samun sa ta dabarar da Köhler da Milstein suka ƙirƙiro a Kambirij a 1975.

Matsalar ita ce IMPA1 yana da ɗan'uwa, IMPA2, mai kama da shi ƙwarai. Umarnin gadon na farko yana kan kuromosom na 8, na biyu kuma na 18. Antibodin da ya kama su duka zai sa mai bincike ya jingina wa ɗaya aikin ɗaya. Saboda haka ake rarrabe furotin bisa nauyinsu, a tabbatar layi guda ya bayyana daidai kilodalton 30. Daga nan sai a maimaita gwajin da ƙwayoyin da aka goge musu IMPA1 ta dabarar CRISPR. Idan layin ya ɓace, antibodin sahihi ne. Idan ya tsaya, wani furotin dabam yake kamawa.

4.0 Kammalawa

Wannan antibodi kayan bincike ne kawai, ba a ba wa majinyaci shi a matsayin magani. Sai dai duk bayanin da za a samo da shi kan yadda litiyam ke aiki a ƙwaƙwalwa ya dogara ne a kan ingancinsa, don haka wajibi ne a tantance shi tun kafin a fara tattara bayanai.