Nisan Katsina zuwa Jidda ta Sama

Maniyyacin da ya taso daga Karfi, ya bi ta Malumfashi zuwa filin jirgin saman Katsina, yakan so sanin tsawon tafiyar da ke gabansa. Taswirar da aka shimfiɗa a takarda ba ta bayar da amsa daidai, domin duniya ƙwallo ce, kuma hanya mafi kusa a kanta lanƙwasasshiya ce.

Ga yadda ake aunawa. A sami taswirar duniya mai siffar ƙwallo, a miƙa zare daga Katsina zuwa Jidda. Zai ratsa Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, an kasa shi digiri 360, saboda haka kowane digiri kilomita 111 ke nan. Zaren nan zai ci digiri 31. In an riɓanya, za a sami kusan kilomita 3,450. Jirgin da ke gudun kilomita 800 cikin awa zai cinye wannan cikin awa huɗu da 'yan mintoci.

Sai dai jirgi ba kullum yake bin zare ba. A 2023 yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da suka sha ma ya ƙaru.